Shimfiɗar takalmin da aka ƙera mini a kan awo tana sa yatsuna dindiris: in ci gaba da ita ko in ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne, shekarata 47, kuma yawancin aikina a tsaye nake yin sa. Na daɗe ina fama da ciwon dunduniya, sai aka auna ƙafata aka ƙera mini shimfiɗar cikin takalmi ta musamman. Yau mako uku ke nan ina sa ta, kuma ciwon dunduniyar ya ragu sosai, amma idan na yi kamar awa biyu a tsaye sai yatsa na uku da na huɗu na ƙafar dama su yi dindiris, wani lokaci har da zafi kamar an shafa barkono. Idan na cire takalmin zan yi alwala, bayan 'yan mintoci sai abin ya sake ni. Wanda ya ƙera ta ya ce in yi haƙuri, ƙafa za ta saba. Shin in ci gaba da sa ta, ko in ajiye ta gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka jefar da shimfiɗar nan, domin raguwar ciwon dunduniyar ta nuna cewa tana yin aikin da aka ƙera ta dominsa, amma kuma kada ka ci gaba da sa ta a yadda take kana jiran sabo. Akwai abin da ƙafa ke sabawa da shi, akwai wanda ba ta sabawa. Jin tudu a kwarmin tafin ƙafa, da ɗan tsamin sharaɓa, da gajiyar da ba a saba ji ba a kwanakin farko, duk waɗannan sukan wuce cikin mako biyu zuwa uku. Dindiris ba ya cikin wannan sahu. Shi alama ce ta cewa ana danne wata jijiyar laka, wato jijiyar da ke kai saƙon ji daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, kuma jijiyar laka ba ta yin kanta kamar fatar hannun manomi. Idan aka ci gaba da danne ta kullum, ƙara lalacewa take yi.

Kowa ya san abin da ke faruwa idan mutum ya daɗe zaune a kan tabarma ya naɗe ƙafa: ƙafar takan mutu, idan ya miƙe sai ya ji kamar ana tsira masa allurai, sannan ta dawo daidai. Abin da ya faru shi ne nauyi ya matse jijiyar lakar tare da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita, sai ta kasa isar da saƙo har zuwa lokacin da aka ɗage nauyin. Irin wannan ne ke faruwa a cikin takalminka, sai dai a wuri ɗan ƙarami, kuma yana maimaituwa kowace ranar aiki. Abin da ya kwantar mini da hankali a bayaninka shi ne sakin da yake yi maka bayan ka cire takalmi. Wannan yana nuna cewa har yanzu matsi ne kawai, jijiyar ba ta samu rauni mai ɗorewa ba. Idan aka bar shi watanni, mintocin nan sukan zama awoyi, daga nan kuma mutum ya tashi da safe da dindiris ɗin tun bai sa takalmi ba.

Kafin a taɓa shimfiɗar, sai a fara tambayar wane yatsa ne, domin kowace jijiya da yankinta. Babbar jijiyar da ke kula da tafin ƙafa tana saukowa ne ta bayan idon sawu na ciki, sai ta rabu biyu a ƙarƙashin ƙafa. Reshen ciki yana bi ta kwarmin tafin ƙafa, shi ke ba da ji ga babban yatsa da na biyu da na uku da rabin na huɗu. Reshen waje yana ba da ji ga ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na huɗu. Bayan ƙafa kuwa, inda igiyar takalmi ke bi, wasu jijiyoyi ne dabam da suka sauko ta gaban ƙwauri, kuma suna kwance ne a ƙarƙashin fata kai tsaye, a kan ƙashi, babu tsokar da ta kare su. Ɗaya daga cikinsu ba ta da wani yanki na fata sai ɗan tsakanin babban yatsa da na biyu. Saboda haka idan mutum ya ce mini saman yatsunsa ne ke mutuwa, igiya da rufin takalmi nake fara dubawa. Idan ya ce babban yatsa ne ta ƙasa da gefensa na ciki, tudun shimfiɗar da ke tokare kwarmin ƙafa nake zargi. Idan ƙaramin yatsa ne da gefen ƙafa na waje, sai in duba ko shimfiɗar ta karkatar da ƙafar ta jingina ta da bangon takalmi.

Naka kuwa na uku da na huɗu ne, kuma wannan wuri sananne ne ga duk mai aikin ƙafa. Akwai dogayen ƙasusuwa biyar da suka taso daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu, kowanne da dunƙulallen kai, kuma kawunan nan ne mutum ke takawa a kansu idan ya ɗaga dunduniya. Jijiyoyin yatsu suna ratsawa ne ta tsakanin waɗannan kawuna, a ƙarƙashin wani tantani mai ƙarfi da ya ɗaure su da juna. Wadda ke bi ta tsakanin na uku da na huɗu ita ta fi kowacce shan wahala, kuma a wajen mutane da yawa a nan ne wani zare daga reshen waje yake haɗuwa da reshen ciki. Idan aka matse ƙafa ta gefe da gefe, kawunan ƙasusuwan sukan haɗu su tsunkule ta. Idan aka tokare ta daga ƙasa, sai ta gogu da tantanin da ke samanta. In abin ya daɗe, jijiyar takan yi kauri ta zama ɗan kulli, wanda likitoci ke kira da sunan Thomas Morton, wani likitan tiyata na birnin Filadelfiya a Amurka da ya yi rubutu a kan irin wannan ciwo a 1876. Ban ce kana da wannan kulli ba, amma jijiyar da yake fitowa a jikinta ita ce ake dannewa a ƙafarka, kuma abubuwa uku ne suka fi yin haka: ƙuncin takalmi, da bakin shimfiɗar na gaba, da ɗan tudun da ake liƙawa a bayan gindin yatsu.

Zan fara da takalmi, domin a abin da na gani shi ne ya fi yawan laifi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Ana auna ƙafa, a ƙera shimfiɗa daidai da ita, amma ba a auna takalmin da za ta shiga ba. Ƙashin shimfiɗar, wanda galibi roba ce mai tauri, yakan kai kaurin milimita 3 zuwa 5, ga kuma soso ko fatar da aka rufe shi da ita. Duk wannan kauri daga wurin ƙafa ake ɗebe shi. Takalmin da jiya ya yi maka daidai, yau ƙafar ta ɗaga sama a cikinsa, ta kai inda ya fi tsukewa, sai yatsu su cure wuri guda. Na taɓa ganin wata ma'aikaciyar jinya da ta zo da irin kukanka, har an sake mata shimfiɗa sau biyu ba a dace ba. Da na karɓi takalminta na zare shimfiɗar awon, sai na sa yatsa na ɓamɓaro wata a ƙarƙashinta, wato wadda takalmin ya zo da ita daga kamfani, mai kauri kusan kamar ta awon. Watanni tana tafiya a kan shimfiɗa biyu. Muka cire ta kamfanin, ta mayar da ƙafarta, ta motsa yatsunta a ciki, ta ce rabon da ta iya yin haka tun ranar da aka ba ta shimfiɗar. Don haka abu na farko da za ka yi yau shi ne ka leƙa cikin takalminka ka tabbatar an cire ta asali.

Idan an cire, sai ka gwada faɗin takalmin da kanka. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa da yamma bayan ka dawo daga aiki, ka tsaya a kanta da nauyinka duka, wani ya zana kewayen ƙafarka da fensir, sannan ka ɗora takalmin a kan zanen. Duk inda zanen ya leƙo ta gefen takalmin a wajen gindin yatsu, to nan ne ake matse ka. Na ce da yamma ne domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan tsayuwar yini, musamman lokacin zafi, kuma wannan ya dace da abin da ka faɗa cewa sai ka yi awa biyu abin ke farawa: da safe wurin ya isa, da ƙafa ta cika sai ya gaza. Ka kuma tsaya da takalmin a ƙafarka ka gwada tsunkular fatarsa a saman gindin yatsu. Idan ta miƙe tsaf kamar fatar kalangu, ba ka iya kama komai, to ya yi kaɗan. Ya kamata kuma a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da ƙarshen takalmi. Takalmi sau-ciki mai tsinin baki, irin wanda ake sawa da kwat ko da kaftani zuwa ofis, da wuya ya karɓi cikakkiyar shimfiɗar awo. Ko dai a nemi mai faɗin gaba da zurfin ciki, ko kuma a ƙera shimfiɗa siririya wadda ta tsaya kafin gindin yatsu domin irin wannan takalmi.

Igiya ma tana da nata rabon. Da yake shimfiɗa ta ɗaga ƙafa, idan ka ɗaure igiyar yadda ka saba ɗaurewa, ka ƙara matsi ke nan ba tare da ka sani ba. Ka kwance ta gaba ɗaya tun daga ramukan ƙasa, ka sa ƙafarka, ka sake zarga ta sako-sako a wajen yatsu, ka ƙarfafa ta a ramuka biyu na sama kusa da idon sawu domin dunduniya ta zauna daram. Idan akwai wurin da ke maka zafi a bayan ƙafa, ka tsallake ramin da ke daidai nan. Safa mai kauri kuma ka canza ta da mara kauri.

Idan takalmi ya kuɓuta, sai a koma kan bakin shimfiɗar. Ƙa'idar ita ce ƙashin nan mai tauri ya ƙare a bayan kawunan ƙasusuwan da na ambata, ya bar su su sauka a kan laushi, ƙafa kuma ta lanƙwasa ba tare da cikas ba. Idan ya zarce ko da kaɗan ne ya shiga ƙarƙashinsu, ko kuma ba a fiƙe bakinsa ya yi siriri ba, to duk takun da ka yi kana taka wata 'yar matakala ce a daidai inda jijiyar ke wucewa. Abin da ke sa a yi wannan kuskure shi ne kawunan ƙasusuwan ba a jere suke a miƙe ba. Na biyu ya fi gaba, na uku ya ɗan ja baya, na huɗu ya fi shi, na biyar ya fi duka. Idan aka yanke bakin shimfiɗar a miƙe, zai iya dacewa a wajen babban yatsa amma ya shige ƙarƙashin na huɗu da na biyar. Ga yadda nake gane wannan a ɗakin aiki, kuma kai ma za ka iya: ka laluba tafin ƙafarka a gindin kowane yatsa har ka ji dunƙulen ƙashin, ka ɗiga masa jan-baki ko kwalli, ka ajiye shimfiɗar a cikin takalmin, ka zura ƙafarka a hankali babu safa, ka yi taku kamar goma, sannan ka zaro shimfiɗar. Ɗigo biyar za ka gani a jikinta. Ka juya ta ka laluba inda robar mai tauri ta ƙare. Idan wani ɗigo ya faɗo a kan robar ko a kan bakinta, ka samo abin da kake nema, kuma ka samu shaidar da za ka nuna wa wanda ya ƙera ta.

Da waɗannan ɗigogin za ka duba abu na uku. Ka shafa hannunka a saman shimfiɗar ka ji ko akwai wani ɗan tudu mai siffar ƙwai a tsakiya wajen gaba. Ana sa shi ne da kyakkyawar manufa, domin idan ya zauna a bayan kawunan ƙasusuwan yakan ɗaga su ya ɗan buɗa tsakaninsu, jijiyar ta samu sarari, har ma shi ne ɗaya daga cikin magungunan kullin Morton ɗin. Amma idan ya matso gaba ya zauna a ƙarƙashin kawunan ko a tsakaninsu, sai ya zama shi ne mai danne jijiyar. Tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarwarsa 'yan milimitoci ce, shi ya sa ban yarda a liƙa shi dindindin a ranar farko ba. Na fi son a manna shi na wucin gadi, mutum ya yi kwanaki yana takawa, a matsar da shi har sai ya ce nan ne, sannan a rufe. Ya kamata mafi tsawon tudun ya kasance a bayan ɗigogin, ba a kansu ba. Idan kuma shimfiɗarka ba ta da wannan tudu kwata-kwata, to mai yiwuwa ƙara shi a wurin da ya dace ne gyaran da kake bukata.

Da yake an yi maka shimfiɗar ne saboda dunduniya, akwai wani abu da ya kamata a duba. Sau da yawa akan ƙara wa wajen dunduniya tsawo ko laushi domin a rage jan da agara ke yi. Wannan yana taimaka wa dunduniya, amma yana tura nauyi gaba zuwa gindin yatsu, kuma idan rufin shimfiɗar mai santsi ne ƙafa takan zame ta cusa kanta cikin tsukakken bakin takalmi. Alamarsa ita ce ka ji dunduniyarka tana fita daga takalmi idan kana tafiya, ko ka ga farcen yatsunka yana gogar gaba. Rage tsawon da milimita biyu ko uku, ko canza rufin da wanda ke riƙe ƙafa, yakan wadatar.

Tudun kwarmin ƙafa ba shi na fi zargi a wajenka ba, amma zan faɗe shi domin yatsa na uku yana cikin yankin reshen ciki. Galibi ana ɗaukar awon ƙafa ne tana rataye ko mutum yana zaune, da filastar siminti ko akwatin soso ko na'urar ɗaukar hoto, a lokacin da kwarmin yake a ɗage. Idan mutum ya tsaya, kwarmin yakan sauko ya baje, kuma idan maƙerin bai bar wa naman wurin sarari ba, sai ƙafa ta sauka da nauyinta a kan roba mai tauri daidai inda reshen ciki ke wucewa. Mai irin wannan matsala yakan ji zafi a kwarmin kansa, dindiris ɗin kuma ya fi kama babban yatsa da na biyu. Idan ka cire takalmi ka ga jan tabo a kwarmin ƙafarka wanda ya wuce minti 20 zuwa 30 bai ɓace ba, tudun ya yi yawa.

Shawarata game da yadda za ka bi abin ita ce kada ka canza abu biyu a rana ɗaya, domin idan ka samu sauƙi ba za ka san wanne ya kawo shi ba. Ka fara da kwana uku a cikin takalmin nan ba tare da shimfiɗar awon ba, ka mayar da ta kamfani. Idan dindiris ɗin ya zo duk da haka, to takalmin ne ko kuma wani abu a jikinka. Idan bai zo ba, ka sa shimfiɗar a takalmi mafi faɗi da kake da shi, kamar kambas, ka gani. Idan a can lafiya lau, shimfiɗar ba ta da laifi, takalmin aiki za a canza. Idan ya biyo ka har can, laifin yana jikin shimfiɗar, sai a koma wurin maƙerinta. Kowace rana ka rubuta wane yatsa ne, sama ko ƙasa, bayan minti nawa ya fara, kuma bayan minti nawa da cirewa ya tafi. Wannan 'yar takarda ta fi kowace na'ura amfani ga wanda zai gyara. Bayan an yi gyaran kuma kada ka koma yini guda da ita kai tsaye: awa ɗaya a ranar farko, ka riƙa ƙara awa ɗaya kullum, kuma duk ranar da dindiris ya dawo ka cire ta nan take.

Idan za ka koma, ka tafi da yamma, da takalmin da kake aiki da shi da safar da kake sawa. Ka nemi ya duba ka kana tsaye kana tafiya, ba kana zaune kawai ba. Gyare-gyaren nan duk ƙanana ne a wurin wanda ya san aikin: yakan goge bakin robar da injin ya ja shi baya, ko ya rage faɗinta, ko ya gasa ta da na'urar hura zafi ya sassauta tudun idan irin robar da ke karɓar zafi ce, ko ya ɓamɓare rufin ya matsar da tudun gaban, ko ya sa rufi mara kauri a ƙarƙashin yatsu. Shimfiɗar da aka yi da zaren kabon maimakon roba ta fi wuyar lanƙwasawa, wani lokaci sai an sake ta. Gyara bayan an fara sawa wani ɓangare ne na aikin, ba alfarma ba ce ake yi maka, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san cewa ba kasafai shimfiɗa ke zama daidai a karon farko ba. Ina ganin kalmar za ka saba ta yi yawa a bakinmu mu masu wannan aiki. Tana da wurinta, amma ba a faɗa wa wanda yatsunsa ke mutuwa. Idan ya nace a kanta bayan ka nuna masa ɗigogin da takardarka, ka nemi wani ya duba, ko a sashen ƙera tallafin gaɓoɓi na asibitin ƙashi kamar na Dala a Kano, ko wurin likitan fisiyo. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne kai ta wurin shumeka ya datse da wuƙa, ko ka tsoma ta a ruwan zafi ko ka kara ta a wuta, domin idan siffar dunduniyar ta goce ka rasa abin da ya kawo maka sauƙin.

Akwai kuma ɓangaren da ba na son ka tsallake. Wani lokaci shimfiɗar ba ita ta haifar da matsalar ba, tona ta kawai ta yi, domin jijiyar da ta riga ta raunana ba ta jure matsin da lafiyayya za ta jure. A shekarunka, ciwon suga ne na farko da za a kawar, kuma mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Nasa dindiris yakan kama ƙafa biyu a tare, ya fara daga kan yatsu yana hawa kamar an sa safa, ya fi tsanani da dare, kuma cire takalmi ba ya sa ya tafi. Gwajin sukari kafin karin kumallo da ya kai 126 a ma'aunin miligiram, wato 7.0 a ma'aunin milimol, ko gwajin matsakaicin sukarin wata uku da ya kai kashi 6.5, su ne iyakokin da likitoci ke aiki da su wajen gano ciwon suga. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo irin wannan, kuma yakan samu waɗanda suka daɗe suna shan maganin ciwon suga mai suna metfomin. Maganin tarin fuka mai suna isoniyazid yana taɓa jijiyoyin ƙafa, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Matsewar jijiya a ƙashin baya takan sauko da ciwo daga ƙugu ta cinya har babban yatsa ko ƙaramin yatsa. Kuma a ƙasashenmu ba a manta da kuturta idan aka ga wani fili a fata da ya canza launi kuma ba ya jin taɓi, domin tana warkewa da magani idan aka kama ta da wuri. Bayaninka bai yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tunda ƙafa ɗaya ce, yatsu biyu ne maƙwabta, kuma yana tafiya da cire takalmi. Duk da haka, idan ka daɗe ba ka auna sukarinka ba, ka auna. Ga wanda ya san yana da ciwon suga kuwa, maganar ta fi nauyi: ya cire shimfiɗar yau, ya duba tafin ƙafarsa da madubi, domin ƙafar da ba ta ji takan yi bororo ya zama gyambo mai ita bai sani ba.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: yatsu su yi sanyi ƙalau su yi fari ko shuɗi, ko ƙafa ta kasa ɗagawa tana jan ƙasa, ko dindiris ya kama tsakanin cinyoyi tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ya zo farat ɗaya ya kama ɓari guda na jiki har da hannu ko fuska. Waɗannan na asibiti ne nan take.

Idan an gyara takalmi da shimfiɗa, aka yi mako huɗu zuwa shida dindiris ɗin bai daina ba, ko ya fara zuwa kana cikin silifa ko ba takalmi, ko kana jin kamar akwai tsakuwa a ƙarƙashin gindin yatsun, to ka ga likita ya duba ko kullin ya riga ya fito. Zai matse ƙafar ta gefe da gefe da hannu ɗaya, ya danna tsakanin ƙasusuwan da ɗaya hannun, ya ji ko wani abu zai yi ƙas tare da zafin da ka sani. Zai gwada jin fatar da wani siririn zare mai nauyin giram 10, kuma yana iya tura ka hoton sikanin. Mafi yawan masu wannan kulli suna samun sauƙi da faffaɗan takalmi da tudun da aka sa a wurinsa, wasu sai an ƙara da allura a wurin, kaɗan ne ke kaiwa ga tiyata.

A kwanakin da za ka ajiye shimfiɗar domin gwaji, dunduniyar tana iya ɗan motsawa, don haka kada ka bar ta haka nan. Kafin ka sauko daga gado da safe, ka kama yatsun ƙafarka ka ja su zuwa wajen ƙwauri har ka ji tafin ƙafar ya miƙe, ka riƙe na sakan 30, sau uku. Da rana kuma ka dafa bango, ƙafar mai ciwo tana baya, gwiwarta a miƙe, dunduniya a ƙasa, ka karkata gaba har ka ji jan a sharaɓa. Ka guji takawa ba takalmi a kan siminti, kuma a aji, duk lokacin da ɗalibai ke rubutu, ka samu kujera ka zauna na 'yan mintoci ka sassauta igiyar. Allah ya ba da lafiya.